Yadda Ake Zaɓen Manaɗin Fatsa Mara Nauyi Don Kamun Tirawut da Salmon

Duk wanda ya taɓa zama a bakin gulbi da sandar gora da zare da ƙugiya ya san cewa fatsa sana'ar haƙuri ce, kuma kayanta ba su da yawa. Sai dai idan rayuwa ta kai mutum ƙasashen sanyi, irin su Sikotilan da Norway da Kanada da arewacin Amurka, ya shiga shagon kayan su domin neman abin da zai kama kifin tirawut ko salmon da shi, zai tarar da bango guda cike da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sanda, kowace da jerin lambobi a jikin kwalinta, farashin wata kuma ya ninka na wata sau ashirin. Masu sayarwa suna kiranta ril. Ni a nan zan kira ta manaɗi, domin aikinta ke nan: ta saki zare lokacin jifa, ta naɗe shi lokacin dawowa, ta kuma riƙe kifi idan ya ja.

Irin manaɗin da nake magana a kai shi ne mai tsayayyen kwarkwaro, wanda zare ke zubowa ta bakinsa ba tare da kwarkwaron ya juya ba. Wani mai masaƙa a yankin Bradford ta Ingila, Alfred Illingworth, shi ya yi rajistar wannan ƙira a 1905, kuma ana cewa daga kwarkwaron masaƙarsa ya samo dabarar. Manaɗin Mitchell 300 da aka fara ƙerawa a Faransa a ƙarshen shekarun 1940 shi ya baza ta a duniya. Sassansa da ya kamata a sani tun yanzu su ne kwarkwaro inda zare ke kwanciya, da majuyi wanda ke zagaye shi, da bakan waya wanda ake ɗagawa kafin jifa, da 'yar tayar da zare ke bi ta kanta a kusurwar bakan, da hannun juyawa, sai kuma birki, wanda shi ne zuciyar abin.

Mataki na farko: san kifinka da ruwanka kafin ka dubi kaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara da manaɗi, sannan ya nemi kifin da zai dace da shi. Ana haɗa sunan tirawut da salmon a baki ɗaya saboda danginsu ɗaya, amma a bakin ƙugiya tazarar da ke tsakaninsu kamar ta karfasa ce da giwan ruwa. Tirawut mai ruwan ƙasa na ƙananan rafuka yawanci bai wuce giram 200 zuwa 500 ba. Tirawut mai launin bakan gizo da ake zubawa a tafkuna yakan kai kilo ɗaya ko ɗaya da rabi. Salmon na Atlantika da ya yi hunturu ɗaya a teku ya dawo kogi yakan kai kilo biyu zuwa uku, wanda ya yi hunturu biyu ko uku kuma yana iya kaiwa kilo goma har ya wuce. A watan Oktoba na 1922 Georgina Ballantine ta kama salmon mai laba 64, wato kimanin kilo 29, a kogin Tay na Sikotilan, kuma har yau ba a karya wannan tarihi da sanda a Birtaniya ba. A kogin Kenai na Alaska, Les Anderson ya kama salmon nau'in chinook mai kimanin kilo 44 a 1985. Ba kowa ne zai gamu da irin waɗannan ba, amma suna nuna irin ƙarfin da ke cikin wannan dangi.

Sannan a dubi ruwan. Rafin da za ka iya jefa dutse ka tsallake shi ba ya buƙatar jifa mai nisa, kuma kifi ba shi da filin gudu. Babban kogi kamar Tay ko Spey, ko kogunan da ke zuba cikin manyan tafkunan Amurka inda aka fara zuba salmon nau'in coho a tafkin Michigan a 1966, wani abu ne daban: ruwa yana da ƙarfi, kifi yana haɗa ƙarfinsa da na igiyar ruwa, yana iya kwashe mita hamsin na zare kafin ka gama ɗaga sanda.

A wannan mataki ne kuma ya dace a binciki doka, tun kafin a kashe kuɗi. A Ingila da Wales ana buƙatar lasisin sanda. A Sikotilan ana buƙatar rubutaccen izini daga mai haƙƙin wurin kafin a nemi salmon, ba a kuma kamun salmon ranar Lahadi. Abin da ya fi shafar batunmu shi ne, wurare da yawa a kogunan Sikotilan ba sa yarda a jefa koton ƙarfe sai ruwa ya cika ya kai wani ma'auni, wasu kuma ba sa yarda da shi sam, sai fatsar ƙuda kaɗai, wato da koton gashi mai kama da ƙwaro. Wanda wurin da zai riƙa zuwa yake da irin wannan ƙa'ida, gara ya sani kafin ya sayi manaɗi.

Mataki na biyu: zaɓi zare

Manaɗi gidan zare ne, saboda haka kaurin zaren da tsawonsa su ke yanke girman gidan. Zare iri uku ake amfani da su. Na nailan shi ne mafi araha da sauƙin ɗauri, kuma yana miƙewa kaɗan idan aka ja shi, wannan miƙewar kuwa rahama ce ga sabon shiga, domin tana shanye fizgar kifi. Na fulorokabon ba ya fiya bayyana a cikin ruwa, yana nutsewa, yana jure gogar dutse, amma yana da tauri, kuma idan aka cika ƙaramin kwarkwaro da shi yakan riƙa tsalle yana warwarewa. Shi ya sa aka fi ɗaura shi a matsayin guntun gaba, mita ɗaya ko biyu. Na uku shi ne kitsattsen zare, wanda aka kitsa daga siraran zaruruwa huɗu ko takwas. Siriri ne ƙwarai idan aka gwada da ƙarfinsa, yana tafiya nesa, ba ya miƙewa, don haka ko ɗan taɓin kifi sai ka ji shi a tafin hannunka. Aibinsa biyu ne: duk fizgar da kifi ya yi kai tsaye take isa ga birki da ƙugiya, sannan a tsananin sanyi yana shan ruwa ya daskare a zoben sanda.

Ga tirawut a rafi ko ƙaramin tafki, nailan mai ƙarfin laba 4 zuwa 6, wato kusan kilo biyu zuwa uku, mai kaurin milimita 0.16 zuwa 0.22, ya wadatar, kuma mita ɗari sun isa. Ga salmon a babban kogi, ana neman nailan mai laba 12 zuwa 20, kaurin milimita 0.30 zuwa 0.40, ko kitsattse mai laba 20 zuwa 30, kuma ni ba na shiga irin wannan ruwa da ƙasa da mita 150 a kwarkwaro. Rubuta waɗannan lambobi biyu, kauri da tsawo, a takarda, ka tafi da su shago.

Mataki na uku: fassara lambar girma

Shimano da Daiwa da Penn da wasu kamfanoni suna rubuta girma da dubbai: 500, 1000, 2000, 2500, 3000, 4000, haka har sama. Abu Garcia da Pflueger sun daɗe suna amfani da 20, 25, 30, 35, 40. Babu wata hukuma da ta daidaita waɗannan lambobi, saboda haka 2500 na wani kamfani yana iya zama daidai da 3000 na wani. Abin dogaro shi ne ɗan rubutun da ke jikin kwarkwaro, wanda ke faɗin yawan zaren da yake ɗauka. Idan ka ga 0.25 da 160 a jere, ma'anarsa yana ɗaukar mita 160 na zare mai kaurin milimita 0.25. A ƙirar Shimano da aka saba, 1000 yana ɗaukar kusan mita 140 na 0.20, 2500 kusan mita 160 na 0.25, 4000 kuma kusan mita 180 na 0.30.

Haruffan da ke manne da lamba su ma suna da ma'ana. Harafin C a gaban lamba, kamar C3000, yana nufin an ɗora kwarkwaron 3000 a kan jikin 2500, don a sami ƙarin zare ba tare da ƙarin nauyi ba. Harafin S a bayan lamba yana nufin kwarkwaro mara zurfi, wanda aka yi domin siririn kitsattsen zare, don kada mutum ya ɓata mita ɗari biyu wajen cike rami.

Mutane da dama suna ɗauka cewa tunda tirawut ƙarami ne, mafi ƙanƙantar manaɗi shi ya fi. Ban yarda da wannan ba sai a wuri ɗaya, wato rafi mai duhuwar itatuwa inda sanda ba ta kai mita biyu ba, koto kuma bai wuce giram biyu ko uku ba. A nan 1000 ya dace. Amma kwarkwaro mai ƙaramin baki yana lanƙwasa nailan ya zama zobba-zobba matsattsu, waɗannan zobba suna dukan zoben sanda suna rage nisan jifa, kuma su ne mafarin yawancin sarƙewar da ke cinye wa mutum safiya. Kwarkwaro mai faɗin baki yana sakin zare a sauƙaƙe, yana naɗe mai yawa a kowane juyi, faya-fayan birkinsa kuma sun fi faɗi. Don haka ga wanda zai nemi tirawut a rafi yau, gobe a tafki, 2000 ko 2500 shi ne zaɓina. Ga ƙananan salmon da manyan tirawut masu zuwa teku su dawo, 3000 yana aiki. Ga salmon a babban kogi, 4000 ne, wani lokaci har 5000.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko manaɗi ɗaya zai iya ɗaukar duka biyun. C3000 mai kwarkwaro biyu, ɗaya da siririn nailan ɗaya da kitsattse, shi ya fi kusa da hakan, kuma zai yi wa mai ƙaramin aljihu hidima. Amma gaskiya ita ce zai yi wa sandar rafi nauyi kaɗan, zai kuma gaza kaɗan a gaban chinook mai kilo goma a ruwa mai gudu. Wanda ya san kifi ɗaya zai fi nema, ya saya domin wannan kifin.

Mataki na huɗu: birki

A nan nake so mai karatu ya daɗe, domin duk sauran abubuwan jin daɗi ne, wannan kuwa shi ke raba wanda ya fito da kifi da wanda ya koma gida da labari. A cikin kwarkwaro akwai 'yan faya-fayai da aka jera, na ƙarfe da na laushi bi da bi. Idan ka murɗa maɓallin da ke saman kwarkwaron, kana matse su ne. Kifi idan ya ja da ƙarfin da ya wuce matsin, sai kwarkwaron ya zame ya ba shi zare maimakon zaren ya tsinke. Da wannan ne zare mai ƙarfin kilo uku yake iya kayar da kifi mai kilo biyar: ba a hana shi gudu, sai dai a sa ya biya kuɗin kowace mita da ƙarfinsa har ya gaji.

A kwali za ka ga an rubuta iyakar ƙarfin birki, kilo 3 ga ƙananan, kilo 9 ko 11 ga 2500 da 4000 na wasu kamfanoni. Wannan lamba ba ta da amfani sosai a ruwan daɗi, domin ƙa'idar da masunta suka saba da ita ita ce a saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Mai zaren kilo uku kilo ɗaya kawai yake buƙata. Mai zaren kilo tara, kilo uku. Abin da ba a rubutawa a kwali, kuma shi ne ainihin abin nema, shi ne yadda birkin ke fara zamewa. Birki mai kyau yana farawa a hankali kamar an zuba mai. Mara kyau yana kamewa tukuna, sai ƙarfin ja ya taru ya wuce abin da ka saita, sannan ya saki da fizga, ya sake kamewa. A wannan ɗan lokaci na kamewa zare ke tsinkewa, ko ƙugiya ta yage bakin tirawut, wanda dama ba shi da tauri.

Na koyi wannan a kakar farko da na nemi salmon a wani ƙaramin kogi a Sikotilan. Na sayi manaɗi mai araha saboda kwalinsa ya ce boris, wato zobban 'yan ƙwallayen ƙarfe masu sa juyi ya yi santsi, goma sha biyu ne a ciki, ban ko ja zaren na gwada ba. Da safe ne, ruwa ya yi launin shayi bayan ruwan sama na kwana biyu, yatsuna sun yi sanyi har ba na jin maɓallin sosai. A jifa ta wajen ashirin koton ƙarfen mai siffar cokali ya tsaya cak kamar ya kama dutse, sai dutsen ya motsa. Kifin ya juya ya bi ruwa, sanda ta lanƙwashe har gindinta, na tsaya ina jiran ƙarar birki, ban ji komai ba. Can sai ya yi ƙara sau ɗaya, gajeriya, ya sake yin shiru, zaren ya dawo mini a fuska yana lilo. Da na duba, ba a ƙulli ya tsinke ba, a tsakiya ne. Da yamma na kwance kwarkwaron na tarar faya-fayan a bushe ƙayau, babu ɗigon mai. Abin da ya fi damuna shi ne kifin ya tafi da ƙugiya a bakinsa saboda sakacina.

Faya-fayan laushin iri biyu ne. Na ulu matsattse da aka jiƙa da mai suna da santsi ƙwarai a ƙaramin matsi, shi ya sa ake sa su a manaɗan tirawut, sai dai suna lotsewa da daɗewa, kuma doguwar gudu tana zafafa su. Na saƙar kabon sun fi jure zafi da matsi, su suka dace da salmon. Akwai kuma bambanci tsakanin birkin gaba, wanda maɓallinsa ke saman kwarkwaro, da birkin baya, wanda ke gindin manaɗi. Na baya ya fi sauƙin taɓawa lokacin da kifi ke ja, amma faya-fayansa ƙanana ne kuma yana ƙara nauyi. Ni na gaba nake ba da shawara.

Ga yadda za ka gwada a gida. Ka zura zare ta duk zoben sanda, ka ɗaura gorar ruwa mai lita ɗaya a bakinsa, tunda litar ruwa kilo ɗaya ce. Ka matse birki, ka ɗaga gorar daga ƙasa a hankali, sannan ka riƙa sassauta maɓallin kaɗan-kaɗan har gorar ta fara sauka. Ka zuba wa kan sanda ido. Idan gorar tana sauka a natse, kan sandar yana tsaye wuri ɗaya, birkin nagari ne. Idan kan sandar yana rawa sama da ƙasa, gorar tana sauka tana tsayawa, mayar da manaɗin ko ka sa a canza faya-fayan. Ga sandar rafi mai laushi sosai, yi amfani da gorar rabin lita don kada ka karya ta. Ka kuma lura ko maɓallin yana da tazara mai yawa tsakanin sako-sako da matsewa, domin wanda rabin murɗi ke kai shi daga wannan iyaka zuwa waccan ba zai saitu da sanyin yatsu ba.

Mataki na biyar: nauyi, jiki da daidaito da sanda

Mai jifan koton ƙarfe yana jifa ɗaruruwa a yini, don haka nauyi ba abin rainawa ba ne. Manaɗi 1000 yakan kama daga giram 150 zuwa 200, 2500 daga kusan 180 zuwa 260, 4000 kuma daga kusan 220 zuwa sama da 300. Abin da aka ƙera jikin da shi ke kawo wannan tazara. Jikin roba mai ƙarfi, wanda suke kira girafait, yana da araha kuma ba ya tsatsa, amma yana ɗan lanƙwasawa idan aka matsa masa, kuma idan jiki ya lanƙwasa haƙoran giyar da ke juya majuyi ba sa haɗuwa daidai, sai su fara cin juna. Alminiyam ya fi tauri, ya fi nauyi. Maganiziyam ya haɗa tauri da rashin nauyi, amma da tsada. Sai robar da aka cakuɗa da zaren kabon, wadda Shimano ke kira CI4+, Daiwa kuma Zaion, ita ce ta mamaye manaɗai marasa nauyi na yanzu.

Ga tirawut, kowane cikin waɗannan ya isa, ka ɗauki mafi rashin nauyi da aljihunka zai iya. Ga salmon kuwa ina ganin giram talatin ko arba'in na ƙari ba asara ba ne idan za su saya maka jikin ƙarfe. Akwai gwaji mai sauƙi: riƙe ƙafar manaɗin da hannu ɗaya, jikin da ɗaya hannun, ka ɗan murɗa. Idan ka ji wuyan yana ba da kai, to a gaban babban kifi zai ba da fiye da haka.

Rashin nauyi shi kaɗai ba ya hana gajiya. Sandar salmon tana kai mita 2.7 zuwa 3.3, tana jefa koto mai giram 15 zuwa 40. Idan aka ɗaura mata manaɗi mara nauyi sosai, kanta zai riƙa rinjaya ƙasa, tsintsiyar hannu ta yi ta kokawa da ita har yamma. Sandar rafi mai mita 1.8 zuwa 2.1 kuma babban manaɗi yana kashe mata ji. Ka tafi shago da sandarka, ka ɗaura manaɗin, ka ɗora ta a kan yatsa ɗaya. Inda ta tsaya daidai ya kamata ya zama a gaban mazaunin manaɗin kaɗan, wurin da yatsanka manuni ke zama.

Mataki na shida: giya da boris

Lamba kamar 5.2:1 tana nufin majuyi yana zagayawa sau biyar da ɗigo biyu a kowane juyin hannu. Mafi amfani ita ce lambar santimita nawa na zare ake naɗewa a juyi ɗaya, wadda a 2500 takan kama daga kusan 75 zuwa 90. Haruffan HG da XG na Shimano, ko H da XH na Daiwa, suna nuna giya mai sauri. Wanda ke jifa sama da ruwa, koton yana gangarowa zuwa gare shi, yana buƙatar giya mai sauri, wajen 6:1, domin dole ya riga ruwan kafin farfelar koton Mepps ta fara juyawa. Wanda ke jifa ƙetaren kogi yana barin cokalin Toby ya yi lilo a hankali, ko yana jan koton Rapala mai siffar ɗan kifi a ruwan sanyi, giya mai kusan 5:1 ta fi taimaka masa ya rage gaggawa, kuma ta fi ƙarfin ja.

Boris kuwa kada yawansu ya ruɗe ka. Biyar nagari sun fi goma sha biyu na banza. Inda nake so in tabbatar akwai shi shi ne cikin 'yar tayar zare, domin idan tayar nan ta daina juyawa, zare yana gogewa yana murɗewa.

Mataki na bakwai: a riƙa a gani

Ka juya hannun a hankali ƙwarai, kusa da kunne, ka saurari ko akwai ƙarar yashi ko wurin da yake ɗan tsayawa. Ka mayar da hannun baya: bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. Ka ɗaga bakan ka sauke sau goma, ka ji ko yana kullewa da ƙarfi a buɗe, domin bakan da ke rufewa da kansa a tsakiyar jifa yana tsinke zare, koto ya tafi shi kaɗai. Ka shafa leɓen kwarkwaro da yatsa, ko ƙaramin tabo a wurin zai riƙa cin zare. Ka taɓa 'yar tayar da tsinke ka ga tana juyawa. Ka tambaya ko ana samun kwarkwaron canji da kayan gyara. Hannun da ake ɗaurawa kai tsaye cikin giya ya fi wanda ake zurawa a ɗaure da maɓalli ta ɗaya gefen, domin na biyun yana fara girgiza da daɗewa. Game da kuɗi, tsalle mafi girma a inganci yana tsakanin mafi araha da matsakaici. Daga matsakaici zuwa mafi tsada, abin da ake ƙara maka 'yan giram ne da santsin juyi, ba yawan kifi ba.

Mataki na takwas: cika shi da kula da shi

Manaɗi mai kyau da aka cika ba daidai ba zai ba ka wahala kamar mara kyau. Ka naɗa zaren da ɗan tsauri, kana matse shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka tsaya idan ya rage milimita biyu ya kai leɓen kwarkwaro. Ƙasa da haka jifa ba ta nisa, sama da haka zare yana zubowa dunƙule. Kitsattsen zare yana da santsi, yana iya zamewa gaba ɗaya a kan kwarkwaro har ka zaci birki ne ya lalace, don haka ka fara shimfiɗa 'yan mitocin nailan a ƙasa ka ɗaura shi a kai. Bayan kowace jifa ka rufe bakan da hannu, ka ɗan ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi. Koto mai farfela yana murɗa zare, sai a sa mahaɗi mai juyawa a gabansa. Kuma idan kifi yana gudu birki yana ƙara, kada ka juya hannu, domin kowane zagayen majuyi a lokacin murɗi ɗaya ne kake sa wa zaren. Bari ya tsaya, ka ɗaga sanda, ka naɗe yayin da kake sauke ta.

Idan an dawo gida, a goge manaɗin da ɗanyen ƙyalle, kada a tsoma shi cikin ruwa, a ɗiga mai ɗaya a 'yar taya da mariƙin hannu lokaci-lokaci, giris kuma a bar wa giya sau ɗaya a shekara. A sassauta birki gaba ɗaya kafin a ajiye, don kada faya-fayan su lotse su manne. Wanda zai tafi da kayansa Norway kuma ya sani cewa a can ana tilasta busar da kayan su ko wanke su da maganin kashe cuta kafin a matsa daga wannan kogi zuwa wancan, saboda ƙwayar Gyrodactylus salaris da ta hallaka 'ya'yan salmon a koguna da dama tun shekarun 1970. A koguna da yawa sai ka nuna takardar shaidar wankin kafin a sayar maka da izini, kuma wankin ya haɗa da manaɗi da zaren da ke kansa, ba takalma da sanda kaɗai ba.